Kofin Ruwa a Poumpoumré

Raudatu tana bakin murhu tana ta juya miyar da ta daɗe da nuna, hankalinta duk yana zaure. Wata biyu ke nan da ɗaura aurenta da Abdulhalim, malamin lissafi, amma tarewa ta gagara. An mayar da shi aiki Garoua daga Tcholliré, ya kama gida mai ɗaki biyu a unguwar Poumpoumré. Mahaifinta Alhaji Iliyasu kuwa ya ce ƙafarta ba za ta taka can ba.

"In kai 'yata inda ban san kowa ba?" Muryar Alhaji har tsakar gida. "An ce coci a gaba, masu gasa kifi a baya! Ga gidan ƙanina Mahamat a sabuwar unguwa, katanga har sama. Ko ka karɓa, ko ta ci gaba da zama gidan ubanta!"

"Baba, a yi haƙuri," in ji Abdulhalim a hankali. "So nake in riƙe ta a gidan da na kama da gumina."

Hawaye suka ɓalle wa Raudatu. Tana son mijinta, tana tsoron fushin ubanta, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Ke, miyar nan gishirinta ya isa, daina ƙara mata da ido!"

Kakarta ce, Hajja Hawa'u, wadda ta shekara talatin tana fataucin atamfa gari-gari. Ta ɗaga murya: "Iliyasu! Ka ga unguwar da idonka?"

"A'a, Hajja, labari dai..."

"To ni zan gano. Kuma kada wanda ya sanar da Mahamat ko angon."

Duk faɗan Alhaji, a gaban Hajja ɗan yaye ne.

Ranar Litinin, bayan angon ya koma aiki, suka hau mota da asuba. Raudatu ba ta taɓa zuwa Garoua ba. Da suka hau gadar Binuwai sai ta leƙa ta taga. Ruwa shimfiɗe iya ganinta, masunta cikin kwale-kwale sun zama 'yan mitsi-mitsi. Can sai wani baƙin dutse ya motsa a tsakiyar kogin, ya wangame baki.

"Subhanallahi! Hajja, dutsen yana hamma!"

"Dorina ce, baƙauya. Rufe naki bakin."

Ta rufe, amma idonta bai bar kogin ba. Ashe haka Allah ya yi duniya da faɗi, ita tana can tana kuka a bakin murhu!

Rana ta take lokacin da masu moto, wato 'yan acaɓa, suka sauke su a sabuwar unguwa, kuma ranar Garoua ba ta wasa. Gidaje ne na gani na faɗa, ƙofofin ƙarfe sai walƙiya. Raudatu ta nufi gidan baffanta Mahamat da aka nuna musu, Hajja ta fizgo mayafinta.

"Gidan ɗana na zo gani? Duk garin da na sauka da fatauci, ruwa nake fara roƙa. Daga nan nake sanin ko zan kwance kaya."

Ta buga ƙofar maƙwabta. Maigadi ya leƙo ta 'yar taga, ya ce madam ba ta nan. A ta biyu kare ne ya amsa. A ta uku suka gaji da sallama. Ba wai mugaye ba ne, kowa dai yana bayan katangarsa da fankarsa.

Suka isa Poumpoumré dab da azahar. Raudatu ta san in nan ma aka hana ruwa, Tcholliré za ta koma ta zauna. Hajja kuma, kamar da gayya, ta miƙe wurin wata mata mai sarƙar gicciye a wuya, tana suyar fanke a ƙofar gida.

Kafin ta gama sallama matar ta tashi. "Mama, jam na, kina lafiya? A wannan rana! Shigo inuwa, shigo!"

Jacqueline sunanta. Ta ɗebo ruwan randa mai sanyi, ta durƙusa ta miƙa. Da ta ji kiran salla, ba wanda ya tambaye ta, ta kawo buta da tabarma.

"Gabas nan ne, wajen mangwaron can. Duk 'yan kartiye, unguwar tamu, nan suke duba."

Hajja ta idar, ta nuna shuɗiyar ƙofar da angon ya taɓa kwatanta musu. "'Yata, wa ke can?"

"Mesiye Abdul, malami. Kai, wannan mutum! Ya dasa lalle a tsakar gida, sai ya ba shi ruwa zai tafi lise, makarantar da yake koyarwa, wai amaryarsa tana son lalle. In ya yi tafiya ni yake bar wa makulli. Sau uku ina share ɗakin amarya, shiru. An ce danginta tsoronmu suke ji!" Ta ƙyalƙyale da dariya.

Raudatu ta kifa fuska a cinyar kakarta, kuka ya ƙwace mata, kunya da daɗi sun haɗu.

"To ga amaryar," in ji Hajja.

Jacqueline ta saki matsami, ta rangaɗa guɗar da ta fito da matan layin kaf.

Nan take Hajja ta sa aka kira mata Alhaji a waya. "Iliyasu, ƙofa uku na buga a unguwar Mahamat, da ƙishina na fito. Ran da naƙuda ta kama 'yarka mijinta yana aji, katangar ce za ta kai ta asibiti?"

Alhaji ya ce, "Na ji, Hajja. Juma'a a kai kaya."

Ranar tarewa Alhaji da kansa ya tsaya ƙofar Jacqueline ya yi godiya, kansa a ƙasa. Haƙurin yaran nan bai faɗi banza ba. Wanda duk zai zaɓa wa 'yarsa unguwa, kada ya tsaya ga tsawon katanga ko ga abin da aka ce, ya je da ƙishi ya ga wa zai tashi. Ita kuwa amarya, lallen da ta fara ƙunsawa a gidanta na tsakar gidan ne, Jacqueline ce ta daka mata.