Kufan Tungar Gawo

Atika na tankaɗe a tsakar gida, kakarta Inna Jannatu na bisa tabarma tana jan carbi, sai ga sallamar Muktar. Shi ne saurayin da aka sa musu rana da Atika, kuma duk Bagudo an san shi da hali guda: yawon kufai. Da ya ji labarin tsohuwar ganuwa ko rusasshen masallaci, shi ke nan, ya hau babur sai ya ɗauko hoto.

"Angona, yau kuma wane kango ka kwaso muna?" Inna ta tsokane shi.

"Inna, wannan sifeshal ne! Bakin kogin Kwara yake, dab da iyakar Benin."

Ya miƙa mata waya. Tsohuwa ta matso da ita kusa da ido, sai carbin ya suɓuce mata.

"Tungar Gawo! Nan anka kai ni amarya. Nan munka rufe uban Lauwali, shekarar da ruwa ya ci garin."

Lauwali shi ne mahaifin Atika, yana goye aka baro garin. Shekara da shekaru Inna na roƙonsa ya kai ta ziyara, kullum amsarsa ɗaya: "Bayan girbi, Inna." Girbi kuwa ya zo ya wuce ba adadi.

"Muktar, kai ni gobe," in ji Inna.

"Inna, Baba ya tahi Zagga. A jira shi mana," in ji Atika.

"In jira shi? Tun ba a haihe ki ba nike jira nai!"

Muktar ya dubi hawayen tsohuwa, zuciyarsa ta karye. Ai kuwa nan ya yi kuskuren: ya ɗauki uwar mutum ba da sanin ɗanta ba.

Washegari suka shiga kwalekwale su uku. Da suka isa, Atika ta tsaya gindin wani bango saboda jiri, Muktar ya goya Inna ya kutsa da ita cikin ciyawa. Sun daɗe kafin su fito. Inna ta dawo fuskarta fes, har da 'yar waƙarta ta yaren Dendi. Amma a hanyar komowa hadari ya taso, ruwa ya yi musu jagab. Zazzaɓi ya kwantar da ita, mako bai zagayo ba ta cika.

Bayan sadakar bakwai Malam Lauwali ya sa aka kira Muktar zaure.

"Kai! Wa ya ba ka izini? Uwata ce abin hotonka?"

"Baba, na yi laihi, ka gafarce..."

"Kar ka sake ce min Baba! Kwashe kayanku. Ɗiyata ba ta zama gidan wanda ya kashe min uwa!"

Atika na bayan ƙyaure, ta zube ƙasa tana kuka kamar ranta zai fita. Wayyo, ga rashin kaka ga rashin masoyi! Muktar ya kira ta a waya da yamma.

"Sori, Atika. Ni na ja muna."

"Ina sonka, Muktar, Allah ya sani. Amma kar ka ƙara kirana sai Baba ya yarda."

Haka ta zauna watanni, ta rame ta yi baƙi, ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba.

Da aka gama girbin shinkafa, wata safiya Malam Lauwali ya fita bai gaya wa kowa inda za shi ba. Ya dawo da la'asar, ƙaya duk ta yage masa riga. Ya zauna, ya ce, "Atika, na je garin. Ciyawa ce da bangaye. Ina kabarin yake?"

"Ban gani ba, Baba. Muktar kaɗai Inna ta gwada ma."

Dattijo ya sunkuyar da kai. Da ƙafarsa ya taka har gidan su Muktar, ya ce ya kai shi kabarin, yaron kuwa nan take ya sa takalmi.

A kufan ya bi da shi ta bayan rusasshen masallaci, har gindin wata tsamiya inda aka jera duwatsu.

"Nan ne, Baba. Ta daɗe tana addu'a. Ta ce in kun samu sarari in kawo ku."

Malam Lauwali ya durƙusa, ya dafa ƙasar uban da bai taɓa sani ba, ya fashe da kuka.

"Ni ta roƙa, Muktar, ni! Kai ka yi abin da na kasa, shi ya sa ban iya kallonka. Kwananta ne ya ƙare, ba kai ka kashe ta ba."

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Atika ta ci ribar haƙurinta, Muktar ya koyi cewa ko alheri za ka yi a gidan mutane, ka nemi izini. Ku kuma masu tsofaffi a gida, in sun roƙe ku abu ku yi musu yau. Malam Lauwali yana zuwa Tungar Gawo duk shekara yanzu, amma ba da Inna ba.