Ƙyauren Gidan Marigayi

Ruwan sama yake ta kwarara kamar da bakin ƙwarya, Hussaina kuwa tana tsaye a bakin ɗaki ta tare shi da tabarma, don kada feshi ya kai ga Innarta da ke kwance tana tari. Ƙofa dai ga ta nan, amma babu ƙyaure, tagogi ma wayam... Allah sarki, marainiya!

Baffa Lukuman, ƙanin mahaifinta marigayi, shi ya zo Gwandu da kafinta ya ɓalle su. Ya sami kwangilar ginin ƙaramin asibiti a Diggi, injiniya kuma ba zai sa hannu a takardar shaidar kammala aiki ba sai ya ga ƙyaure da taga. "Aro ne, ɗiyata," in ji shi, "jibi in maido."

Jibi ta ƙi zuwa. Da dangi suka fara tambaya, sai Baffa ya yi tsalle ya dire. "Ni? Yarinyar ga ita ta sayar da su, ta sayi kayan kwalliya!"

"Baffa, ka ji tsoron Allah..." Kuka ya ci ƙarfinta. Aka daina amsa gaisuwarta, har yara na kiranta mai cin ƙyauren uba. Inna ta riƙe hannunta, "Yi haƙuri, Hussaina, Allah ba ya barci."

Injiniya ya sa hannu, aka miƙa wa mutanen Diggi makullai. Sai dai Baffa yana da wani ginin a Kalgo da shi ma za a duba. Ranar kasuwa, gari ya watse, ya lallaɓo asibitin Diggi zai sake ɓalle ƙyamaren ya kai Kalgo, mata masu ɗiban ruwa suka kurma ihu, "Ɓarawo! Ɓarawon kayan asibiti!"

Gaban hakimi, ga tsoron kurkuku, ya fashe da kuka. "Wallahi ba na gwamnati ba ne, ranka ya daɗe! Na gidan yayana ne, ni na ciro su!"

Aka soke takardar, aka ƙwace kwangilar, aka sa shi ya mayar da ƙyamaren gidan marigayi da hannunsa, dangi na kallo, kowa kai a sunkuye.

Da ya gama, Hussaina ta shiga ɗaki. Ta tura ƙyaure a hankali, ta sa sakata, hawaye na zuba. "Inna, yi barcinki, na rufe ƙofa."