Dutsen Waigi

Rana na gab da faɗuwa muka isa filin ajiye motoci a gindin tsaunin da zan hau. Matata Nelida ce ke tuƙi. Motarmu irin mai ɗaki ce, da gado da murhu a ciki, kuma tun daga garin Salta muka san birkin hannun motar ya yi sanyi.

Filin gangare ne, ƙarshensa kwazazzabo. Da na duba kaya, sai na tarar na baro katakon waigin tokare taya a gida. Ni da mantuwa dama mun saba.

A bakin hanya akwai apacheta, tulin duwatsun da kowane matafiyi ke ƙara wa ɗaya don neman izinin tsauni. Ƙarawa ake yi, ba a ɗauka. Na sani sarai, kakata ce ta koya mini. Amma rafin da zan samo dutse da nisa, ni kuma barci nake so kafin tafiyar dare. Na waiwaya, na zare wani faffaɗa daga gefen tulin, na cusa a bayan taya.

"Evaristo, ina ka samo wannan da sauri haka?" in ji Nelida.

"Rafi."

"Kai da ko gishiri sai an yi maka kira uku?" Ta yi dariya, ta miƙo mini ƙoƙon shayin mate.

'Yarmu Ailin, mai shekara bakwai, iskar tudu ta sa mata ciwon kai, don haka uwarta ta ce za su jira ni a mota. Ƙarfe ɗaya na dare na ɗaura fitilar goshi, na kama hanyar ƙololuwa ni kaɗai.

Sanyi har cikin haƙori. Ba abin da nake ji sai tsakuwa a ƙarƙashin takalmina. Na yi kamar awa biyu ina hawa, sai wani wari ya bugi hancina, na ganyen koka da aka tauna da jiƙaƙƙen ulu.

Ƙwas.

Dutse ne ya bugi dutse a bayana. Na tsaya, ya tsaya. Na taka, ya sake.

Ƙwas.

Da na juyo gabana, ga wata tsohuwa zaune a tsakiyar hanya, da malafa da mayafin ulu. Hannunta na dama a dunƙule, yana rawa. Numfashina na hayaƙi a cikin hasken fitila. Nata babu.

"Barka da dare, Kaka."

"Ɗana, gidan nan naka da nauyi," ta ce a hankali. "Tun faɗuwar rana nake riƙe da shi."

Na gane motarmu take nufi.

"Da ka ɗauki dutsen, ka roƙa?" in ji ta.

"A'a."

"Ka gaya wa matarka?"

Na sunkuyar da kai.

"To, na gaji."

Ta buɗe hannun.

Can ƙasa, ɗan hasken tagar motarmu ya fara tafiya.

Ban san yadda na sauko ba. Na faɗi ya fi sau goma, fitila ta fashe, ƙwas ɗin nan na bina har bakin fili. Na tarar motar ta gangara da baya ta daki wani ƙaton dutse, taya ɗaya na lilo a kan kwazazzabo. Nelida na durƙushe a ƙasa, rungume da Ailin. Tukunyar gas ta faɗo wa yarinyar a ƙafa.

"Ni ce," Nelida ta raɗa mini. "Ban ja birkin da kyau ba. Kai ka sa dutse, ka yi naka."

Na buɗe baki, na mayar na rufe.

Da gari ya waye na ga dutsen a mazauninsa cikin tulin, da baƙin shatin taya a jikinsa. Na tsaya a gabansa don kada ta gani.

Shekara tara ke nan. Mun rabu da motar. Ailin na ɗingishi har yau, Nelida kuma ba ta sake taɓa sitiyari ba. Duk lokacin da yarinyar ta ratsa falo, sai in ga uwarta na kallon hannunta na dama. Abin yana cin raina, kuma kullum nakan ce gobe zan faɗa.

Jiya muna shan mate ta riƙe ƙoƙon, ba ta miƙo ba.

"Evaristo, tsakani da Allah, ka yafe mini?"

Na ce na yafe.