Ɗumin da Ya Sauko

Matar maigadin wata tashar bincike ce ta fara ba ni wannan labari, a bakin mijinta ta ji. Wadda abin ya samu kuwa ma'aikaciyar tashar ce, Malama ake ce mata.

Tashar tana can bayan gari, inda ake auna zafin iskar ƙololuwar sama. Wai iskar iri biyu ce, mai ɗauke da lantarki da wadda ba ta da shi. Da rana mai lantarkin ta fi zafi, in dare ya yi sai ta huce, su zo kusan daidai. Ni bokona bai yi nisa ba, yadda aka gaya min nake gaya muku.

Suna da doka ɗaya: in inji yana aika saƙo sama, ba a magana. Tsofaffin ma'aikata sun ce ƙofar wasu kake ƙwanƙwasawa, kar ka haɗa da kira.

Ran nan bayan magariba Malama ta karɓi aiki ita kaɗai. Tun rasuwar mijinta take neman aikin dare, gida ya yi mata faɗi. Ɗakin shiru, sai ƙaurin wayar wuta da gunjin inji yana aika saƙo sama. Ta dubi allon kwamfuta, layukan iskar biyu sun kwanta gefen juna.

"Ku ma kun samu abokin kwana," in ji ta. "Ni ko mai ce min sannu babu."

Layi ɗaya ya ɗaga.

Ɗumi ne, a wuri guda. Ta duba tsayinsa. Saukowa yake.

Fanka ta tsaya. Kwanon rufi ya ce ƙas.

Kujerar gefenta ta lotsa. Ɗumi ya taɓa kafaɗarta, irin na mutum in ya matso.

"Sannu," aka ce, can ƙasa-ƙasa. "Kin ci abinci kuwa?"

Bakinta ya buɗe. Wallahi so ta yi ta amsa. Wannan ya fi muryar tsorata ta.

Ta cije harshe, ta fizge wayar wuta, ta fita ba takalmi, tana a'uziyya har ɗakin maigadi.

"Malama, lafiya?"

"Baba, yi min magana. Ko labarin ciwon gwiwarka ne."

"To yau kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi."

Ya yi ta zuba har asuba, ita kuwa tana kuka.

Da gari ya waye ba ta koma gidanta ba. Gidan yayarta ta nufa, yara na ihu, ana rigimar takalmin makaranta. Ta tsaya a tsakar gida, ƙafa duk ƙaya.

"Yaya, ɗakin nan da kike ta min tayi, yana nan?"