Lambobi Biyun da Tsatsa Ta Cinye

Shekara talatin ina tara sassan injin jiragen saman yaƙi. Miƙo mini ƙarfe, kafin ka sauke hannu na faɗa maka jirgin da ya fito daga jikinsa. Mu masu tonon jiragen da suka faɗi tun yaƙin duniya na biyu a fadamun yankin Novgorod ƙa'idarmu ɗaya ce: ba a taɓa farantin lambar inji, domin da shi ake gano sunan matuƙin da ya mutu a cikin jirgin. Ni na taɓa. Na ɓalle wani na soke a aljihu, aka binne ƙasusuwan matuƙin babu suna.

Da almuru ina gareji ina goge farantin da kananzir, sai wani saurayi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kawu Yefim, sannu da aiki. An ce ka san injuna."

Muryarsa kamar ta mai magana da ruwa a baki. Wata biyu ba a yi ruwan sama ba, amma takalmansa suna tsiyayar baƙin ruwa. Warin laka da ƙonannen mai ya cika garejin.

Na ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne. Lambobi biyun ƙarshe ma tsatsa ta cinye su."

"Bakwai ne da huɗu."

Na karkata farantin wajen fitila. Inuwar bakwai ta fito, sannan huɗu.

"Wa ya gaya maka?"

"Ni da makanikena muka ɗaura injin nan." Ya miƙo hannu, a ƙone yake har gwiwar hannu. "Ƙanwata Taisiya ta kai casa'in, Kawu, har yanzu tana jiran wasiƙa. Ba ni sunana."