Wadda Ke Zaune a Bakin Famfo

Solène ce ke zagayawa da masu yawon buɗe ido a ƙauyukan tsaunin Jura na ƙasar Faransa, mijinta Gaëtan kuma shi ke tuƙa bas ɗinsu. Ran nan gab da faɗuwar rana, a ƙauye na ƙarshe, ya ce mata, "Masoyiya, wata tsohuwa cikin baƙinmu ta manta gyalenta a coci. Yi maza ki ɗauko, ina jiranki."

Babu gyale a cocin. Da ta fito kuma babu bas, sai hazo da ya rufe hanya. Ta kira wayarsa, a kashe.

A bakin famfon ƙauyen ta hango wata mata zaune, ruwa na ɗiga daga gashinta. Ƙarar ƙararrawar wuyan shanu da ke tasowa daga kwari ta ɗauke.

"Madam, don Allah kin ga wata farar bas?"

"Ta tafi, ƙanwata." Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. "Ke me ya aike ki ɗaukowa? Ni laima ce."

Solène ta dubi ƙafafun matar, ba takalmi, kuma ba su taɓa ƙasa ba.

"Wace ce ke?"

"Maud, matarsa ta fari, wadda ya ce miki ta gudu ta bar shi." Ta matsa mata wuri a kan dutsen. "Kar ki bi ta gada, can yake laɓe yana jiranki, kamar yadda ya jira ni ya jefa ni ruwa. Bara ma ya so kawo ki, ruwan sama ne ya hana."