Kalmar da Ya Ƙi Fassara Mata

"Sake karantawa, Auta!"

Ƙanwar tata ta ƙara matso da wayar.

"Monstrosity... abu mummuna ƙwarai, mai tayar da tsikar jiki. An fi faɗinta a kan gini ko kaya. Idan aka jefi mutum da ita kuwa, an mayar da shi dodo ke nan."

Almakashin ya suɓuce daga hannunta.

Dodo!

Jiya ne Ticha, malamin Turancin da za ta aura nan da wata biyu, ya kai ta gaida mahaifiyarsa. Tana miƙa wa yayarsa kofi hannun rigarta ya zame, tabon ƙunar da ya cinye mata damtse tun tana yarinya ya bayyana. Yayar ta yi murmushi, ta furta kalmar tana kallon ƙawarta, wadda kowa ya san ita take so wa ƙanin nata.

Ita kuwa ta zaci ɗinkinta aka yaba. Har godiya ta yi!

A mota ta tambaye shi, ya ce, "Wai abu ne mai ban mamaki."

Ta kasa zama. Ta je bakin ƙofar shagon ɗinkinta ta dawo, ta ɗauki yadi ta ajiye, ta zura zare a keke ya tsinke. Sau bakwai yana kira tana katsewa.

Kafin la'asar sai ga shi, alli duk a hannun rigarsa.

"Hasken idona, me ya..."

"Kar ka ƙara! Fassara min kalmar jiya."

Ya sunkuyar da kai.

"Na ji tsoron kukanki ne."

"Sai ka bar ni ina yi wa mai zagina godiya? Ita ta zage ni sau ɗaya, kai ka mayar da ni sakarya a gaban ƙawarta!"

"Wallahi mun yi faɗa da ita bayan na dawo..."

"A ɓoye ke nan. Ni kuwa a fili aka yi min."

Ta yafa mayafinta. "Tashi mu je wajen Mama."

Mama, mahaifiyar tasa, na falo tana tsintar ƙwayoyin maganinta, Yaya na gefe tana danna waya. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta naɗe hannun rigarta da kanta.

"Mama, ni da ke ba mu yi boko mai nisa ba. Jiya Yaya ta ba wannan hannun suna da Turanci. Ga malami nan, ya faɗa mana da Hausa."

"Ke, wasa fa nake..." in ji Yaya.

"Yi min shiru," Mama ta ce da ita, sannan ta dubi ɗanta. "Ina jin ka."

Ya dubi yayarsa, wadda ta biya masa makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, sannan ya dubi masoyiyarsa.

"Dodo ta kira ta, Mama. Ni kuma na ji, na yi shiru, na yi mata ƙarya."



Mama ta jawo damtsen ta ɗora a cinyarta, tana shafa tabon a hankali.

"Na haifi masu Turanci biyu, ashe babu mai kunya a cikinsu. 'Yata, ki yafe min ni da na raine su."

Sai a lokacin hawaye suka zubo wa budurwar. Yaya ta ba da haƙuri ciki-ciki, ta shige ɗaki.

A bakin ƙofa ya tare ta.

"Rabin raina... ni fa?"

"Ba yau ba."

"Gobe?"

"Zo ka tambaya."

Ya zo gobe, ya zo jibi. Kullum da an tashi makaranta yana kan bencin shagon, yana riƙe mata bakin yadi, tana yanka ba ta ko kallonsa.

Ran kwana na tara ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta.

"Miƙe tsaye, ɗaga hannu."

"Na me?"

"In ka ci gaba da ramewa haka, kayan angon ba za su zauna maka ba."